Ɗan Farin Adda Safara'u

Salama a gare ku masu bibiyar labarina. Wata baiwar Allah ta aiko mini da saƙo tana cewa, "Khaulat, kin cika zagaye-zagaye, ki faɗa mana abin da ya faru ranar da Baffanku ya zo Dutse." To ga shi yau zan faɗa. Sai dai ku yi mini uzuri in kun ga ina tsayawa a hanya, don shekaru sun ja, amma har gobe in na tuna ranar nan tsigar jikina tashi take yi.

A shekarar dubu biyu da huɗu ne, farkon damina. Mu uku ne a gidanmu da ke gindin duwatsu: ni, da Dada mahaifiyarmu, da Musaddiq. Musaddiq ɗan yayata ne Adda Safara'u, ɗanta na fari, lokacin shekararsa bakwai. Mu Fulani ne da gari ya cinye, Fulatancinmu bai wuce na gaisuwa da na faɗa ba, amma kunya kam ko ƙwayarta ba ta zube mana a hanya ba. A gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Ba ta yi masa wasa, ba ta sa baki a maganarsa, in ya faɗi a gabanta sai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Ita kuwa Adda tata kunyar ninki biyu ce, domin ɗan Baffa take aure, shi Baffa kuwa yayan mahaifinmu marigayi ne. Ga shi baffanta, ga shi surukinta, ga shi kakan yaron. Ana yaye Musaddiq aka naɗo shi a zani aka kawo wa Dada, Adda ta koma Garki inda mijinta yake aiki a ƙaramar hukuma.

Kunyar nan ce ta rufe mana ido, mu duka. Yaro ya shekara uku ba ya kallon idon kowa, in baƙi sun shigo sai ya juya fuska bango. Mata su ce, "Jini ba ya ɓuya, kunyar uwarsa ya kwaso." A kira sunansa ya ƙi waiwayowa, Dada ta yi dariya ta ce maigidanta jan aji yake yi mata. Ba ya shiga cikin yara, sai dai ya zauna bayan ɗaki ƙarƙashin dabinonmu yana jera ƙwallayen dabino, layi miƙaƙƙe kamar an ja da zare. In Baffa ya zo daga Miga ya gan shi haka, har wani daɗi yake ji, ya ce wannan Bafillace ne na asali, ba ruwansa da hayaniyar gari. Muna ta yabon yaro a kan abin da ya kamata ya tayar mana da hankali.

Magana kuwa, tasa ta kansa ba ta zo ba, sai ta mutane. Abin da ya shiga kunnensa adana shi yake yi, ranar da ya ga dama ya fito da shi da muryar mai shi, ba ragi ba ƙari. Sanarwar rasuwa ta rediyo, tallan mai nono, kiran ladanin unguwarmu har da inda muryarsa take karyewa, hatta tarin Dada. Sau nawa ina fitowa da kwano in sayi nono in tarar ba kowa a ƙofar gida, sai Musaddiq a bayan ɗaki yana jera ƙwallayensa. Nan ne aka fara cewa aljanu ne. Aka yi ruƙiyya, aka yi hayaƙi, aka sha rubutu. Yaro yana nan yadda yake.

Ni na raine shi, kar ku ji ana cewa riƙon Dada. Ni na san ba ya cin shinkafa in miya ta taɓa ta, na san ba ya sa riga mai ɗinkin wuya, na san in injin markaɗen maƙwabta ya tashi dole in toshe masa kunne da tafukana har a gama. A bayana ya girma, a gefena yake kwana.

To a haka Zuhair ya shigo rayuwata. Ɗan Aujara ne, yana aiki a sakateriyar jiha, dogo, wankan tarwaɗa, mai son shadda ruwan toka da hula tangaran. In ya tsayar da babur a ƙofar gida, turarensa ne yake riga sallamarsa shigowa. Lokacin shari'a tana da zafinta, 'yan hisba suna zagayawa, ba budurwar da take tsayawa da saurayi a lungu. Zance sai a zaure, da la'asar, ƙofa a buɗe, hijabi har ƙasa, kuma da yaro a tsakani. Dada ta ce in riƙa fita da Musaddiq. Zuhair ya dube shi yana ta juya murfin kwalba, ya yi murmushi ya ce, "Wannan ɗan rakiyar ya yi mini, ba ya kai rahoto."

Washegari muna shan koko da ƙosai, Dada tana jan carbi a gefe, sai ga muryar Zuhair a tsakar gidanmu, mai kauri, mai taushi:

"Khaulat, in kika yi murmushin nan sai in manta inda na ajiye babur ɗina."

Koko ya sarƙe ni. Dada ba ta ko ɗago ba, ta ja ƙwayar carbi ɗaya ta ce, "To a taimaka a nemo wa bawan Allah abin hawansa."

'Yan uwa, da ƙasa za ta tsage a ranar da na shige. Da na faɗa wa Zuhair ya yi dariya har hularsa ta faɗi, amma daga baya ya kalli yaron, ya ce, "Khaulat, wannan ba kunya ba ce, kuma ban yarda aljani ne ba." Shi ya yi ta naci har Dada ta yarda muka kai shi asibiti a Kano. Likitar wata dattijuwa ce mai farin tabarau. Ta zauna a ƙasa kusa da shi ta daɗe tana kallonsa, sannan ta kira sunan abin, wai otizim. Ta ce kunnensa lafiya lau, hankalinsa yana nan, sai dai ƙwaƙwalwarsa tana karɓar duniya ne ta wata hanya daban da tamu. Ta ce ba allurar da za ta cire shi, abin da yake so shi ne mutanen da ya saba da su da tsarin da ya saba. Na tambaye ta muryoyin fa? Ta ce, "Kar ku hana shi. Sau da yawa da su yake gaya muku abin da ba shi da kalmarsa."

Da maganar aure ta kankama aka sa rana bayan kaka, sai ga jarrabawa. Hawan jinin Dada ya kayar da ita a banɗaki, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Aka shirya cewa in na yi aure za ta koma ɗakin ƙanwarta a cikin gari, ɗaki ɗaya cikin gidan haya, ba wurin yaro irin Musaddiq. Sai Baffa ya aiko daga Miga cewa ya yanke shawara: zai zo ya ɗauki jikansa ya haɗa shi da masu kiwon shanunsa, ya bi su daji, shanu su buɗe masa baki.

Daji. Yaron da ya taɓa taka garwashi bai yi kuka ba, sai da na ji ƙaurin fata. Yaron da in ya ga tsuntsu zai bi shi har inda ƙafarsa ta ƙare, kuma in an kira shi ba zai amsa ba.

Na ce wa Zuhair ni da Musaddiq zan tare, in ba haka ba a fasa. Ya saya mini waya ƙarama mai tocila a lokacin, sabis kuwa a unguwarmu sai ka hau dutsen bayan gida ka ɗaga hannu kamar mai roƙon ruwa. A kan dutsen nan na karanta amsarsa:

"Na yi wa Hajiyarmu maganar. Ta ce amarya da 'yar zaman ɗaki aka sani, ba da ƙaton yaro marar magana ba. Ta ce kuma a bincika ko abin a jininku yake."

Na rubuta masa: "To ka nemi mai jini mai kyau."

"Haba gimbiya. Ni na ce?"

"Ba ka ce ba, amma ka kawo mini."

"Ba ni lokaci. Hajiya tuwon dawa ce, ba a cin ta da zafi."

"Baffa ranar Asabar zai zo."

Daga nan bai sake cewa komai ba. Na yi ta hawa dutse ina saukowa har silifas ɗina ya tsinke, shiru.

Ranar Juma'a Adda Safara'u ta iso daga Garki, da goyon 'yarta ta uku, cikin atamfa shuɗiya mai zanen ganye da mayafi baƙi. Adda kyakkyawa ce irin kyan da ba ya surutu, doguwar fuska, idanu kullum a ƙasa. Ta gaida Dada, ta gaida ni, ta wuce Musaddiq a bakin ƙofa kamar ta wuce turmi. Na bi ta ɗaki na turo ƙofa.

"Adda, kin ji abin da Baffa zai yi?"

"Na ji."

"Shi ke nan? Kin ji?"

Tana ninke kayan jaririya, ba ta ɗago ba. "Abin da manya suka yanke ai ya yanku."

"Ɗanki ne fa."

"Ki iya bakinki, Khaulat."

"Ba zan iya ba. Ko kaza tana tare wa ɗanta shaho. Ke wace irin zuciya Allah Ya ba ki?"

Ta ɗauki bokitin wanki ta ce, "Matsa in je in yi shanya," ta fita bayan ɗaki. Haka take kullum in ta zo, ba ta da aiki sai wanki da shanya, ko tsumma biyu ne sai ta kai su igiyar bayan ɗaki ta daɗe. Na zauna a bakin gado ina huci, ina cewa a raina wannan ba uwa ba ce, dutse ne aka ɗaura wa zani.

Asabar bayan azahar a-kori-kurar Baffa ta tsaya a ƙofar gida. Ya shigo da farar babbar riga da ta sha hanya, da malfa, da sandarsa a kafaɗa, bayansa wani makiyayinsa mai suna Barau. Kar ku zaci Baffa mugu ne. Da tsarabarsa ya zo, man shanu a ƙwarya da zabi biyu, har da 'yan takalman roba sababbi da ya saya wa jikansa. Aka shimfiɗa masa tabarma a rumfa, aka fito da Dada aka jingina ta da filo. Adda ta zauna can nesa kusa da randa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Musaddiq kuwa ranar a tsakar gida ya kafa layinsa, daga gindin turmi har bakin rariya.

Na durƙusa na ce, "Baffa, ina neman alfarma."

"Faɗi, 'yar Dada."

"A bar mini shi. Zan tafi da shi ɗakina."

"Mutanen Aujara sun yarda?"

Na sunkuyar da kai. Ya gyaɗa kai, ya gane.

"Kin gani. Ba zan bari ki kashe aurenki a kan abin da yake wuyana ba. Jikana ne. Saniya ba ta tambayar mutum magana, Khaulat, ba ta yi masa dariya, ba ta ce masa mai aljanu. A cikin mutane ne yaron nan yake baƙo. A cikin shanu ɗan gida zai zama."

Wallahi maganar ta shige ni, don akwai gaskiya a cikinta. Amma na ce, "Baffa, ba ya shan nono."

"Yunwa malama ce."

"In ƙaya ta soke shi ba zai faɗa ba. In ya ɓace ba zai amsa kira ba. Likita ta ce..."

"Likita ta taɓa kiwo?"

Ya juya wurin Dada ya tambaye ta ko tana da magana. Dada ta buɗe baki, harshen ya ƙi, sai hawaye ta ido ɗaya. Sannan ya dubi wajen randa, ya sassauta murya ya ce, "Ke kam ba zan tambaye ki ba, Safara'u. Na san tarbiyyar da aka yi miki, ba zan kunyata ki ba."

Adda ta ƙara sunkuyar da kai. Na ji kamar in tashi in girgiza ta.

Baffa ya ce a fito da kayan yaro, hadari yana haɗowa, gara su kama hanya. Ni na haɗa jakar da hannuna, ina sa rigunansa marasa wuya ina kuka. Barau ya karɓa ya rataya, ya nufi Musaddiq yana cewa, "Taso ɗan Baffa, taso mu je ka ga 'yan maruƙa." Bawan Allah bai sani ba, ya sa ƙafa a tsakiyar layin, ƙwallaye suka watse. Ya kuma kama shi ta baya, ta hammata, abin da ko ni ba na yi.

Musaddiq ya sulale daga hannunsa ya zube ƙasa. Ya toshe kunnuwa, ya dunƙule, ya fara rangaji gaba da baya yana wani gunji ƙasa-ƙasa. Na yunƙura zan je, Baffa ya ɗaga mini sanda alamar in zauna, wai a bar shi ya saba. Gunjin ya yi ta hawa. Can sai ya yanke ɗif.

Sai muka ji raɗa. Muryar mace, siririya, mai rawa.

"Musaddiq. Musaddiq nawa. Yi shiru, ba kowa, suna ɗaki."

Na waiga ina neman mai maganar. Bakin yaron ne yake motsi, idonsa a rufe.

"Kalle ni ko kar ka kalle ni, duk ɗaya ne, ni na haife ka. Ɓingel am. Ɗana. Ungo, buɗe baki, na cire maka ƙwallon. Ka ga na ajiye maka shi a nan, ban ɓata maka layi ba."

Ban taɓa jin muryar nan ta faɗi sunan nan ba, shi ya sa na daɗe ban gane ta ba. Amma ta Adda ce. Har da yadda take jan numfashi kafin ta yi magana, har da ɗan tsamin bakinta a kan harafin sin.

Bai tsaya ba. Ya yi ta zubo su, ɗaya bayan ɗaya, kuma kana ji ka san ba na rana ɗaya ba ne. "Ka yi tsawo, wa ya yi maka aski?" "An yi maka ƙanwa, kai ne babba, kai ne na farko." "Waye ya ƙona maka ƙafa, nuna mini, hura, hura, ya daina." Ƙunar nan tun yana shekara huɗu ce. Sannan ya yi shessheƙa irin ta babba mai danne kuka da mayafi, ya ce, "Ya Allah, abin da ke kansa Ka ɗauke Ka ɗora mini. Kar ka faɗa wa kowa na kira ka, ka ji? Sirrinmu ne."

Ashe shanyar ke nan. Shekara da shekaru tana ɗaukar tsumma biyu tana zagayawa bayan ɗaki, mu muna cewa ta cika son wanki. Ta zaɓi wanda take ganin ba zai taɓa tona ta ba ta zuba masa duk abin da al'ada ta hana ta, shi kuma ya karɓa ya adana, ko wasali bai yar ba. Ga shi yau da tsoro ya kai masa iya wuya, a cikin duk muryoyin da ke cikinsa, ta ladan da ta rediyo da tawa da nake lallashinsa kullum, wannan ya lalubo ya rufa da ita.

Barau ya sauke jakar a hankali ya ja da baya. Dada tana ta "Subhanallahi" da rabin baki. Adda kuwa ta kife fuska a gwiwa, kafaɗunta suna rawa. Ku da ba ku tashi cikin wannan al'ada ba, ba lallai ku gane ba: a wurinmu abin da ya faru daidai yake da a yaye wa mace mayafi a tsakiyar kasuwa, kuma a gaban surukinta.

Baffa ya dubi ƙasa. Sannan ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "Muryar wa ce wannan?"

Ya sani. Ƙofa ya buɗe mata ta musa, ta ce aljanu ne, kowa ya yi kamar ya yarda, a rufe maganar.

Adda ta ɗago. Mayafin ya zame, ba ta gyara ba. Fuskarta jage-jage da hawaye.

"Tawa ce, Baffa."

Iska ta taso ta kaɗa ganyen dabino. Ta ci gaba, muryar tana fita da ƙyar kamar ana jan guga mai nauyi.

"A kira ni marar kunya, na yarda. A faɗa a Miga, a faɗa a Garki. Amma kar a kai shi daji. Ɗana ne. A ba ni abina."

Ta tashi, ta taka tsakar gidan nan a gaban idon Baffa, ta tsallake ƙwallayen ba ta taka ko ɗaya ba, ta durƙusa a bayan yaron. Ba ta taɓa shi ba. Ta buɗe baki da ƙarfi, yadda har maƙwabta za su ji, ta ce, "Musaddiq."

Zan so in ce muku ya juyo ya rungume ta ya ce Inna. Bai yi ba, ba haka yake ba. Bai ko waiwaya ba. Rangajin ne ya ragu, ya ragu, ya tsaya. Ya sauke hannuwa daga kunne. Sai ya fara ja da baya da mazaunai, kaɗan-kaɗan, har bayansa ya jingina da gwiwoyinta, ya saki jiki ya yi ajiyar zuciya. Yadda ya yi shi ba lalube, na san ba yau ya fara ba.

Na kalli Baffa, na ga gemunsa yana rawa. Ya cire malfa ya ɗora a gwiwa.

"Ni ma ɗan fari ne," ya ce. "Har uwata ta koma ga Allah ban ji sunana a bakinta ba. Na girma ina cewa haka ya kamata." Ya murza bakin malfar. "Yanzu ban sani ba ko ita ma tana zagayawa bayan ɗaki, ni ne ban riƙe ba."

Ya goge ido da hannun riga, ya ce wa Barau ya mayar da jakar ciki. Ya ce da Adda, "Ni zan yi wa mijinki magana da kaina. Wanda ya ce miki marar kunya, ki turo shi Miga." Ya tura takalman robar gaban yaron da sandarsa, ya tashi ya yi alwalar la'asar.

Hadarin bai zubar ba, ya wuce gabas. Na rasa inda zan sa kaina, sai na ɗauki waya na hau dutse, don kawai in samu inda zan yi kuka ba a gani ba. Ina kaiwa sama wayar ta yi ƙara. Zuhair ne, tun da hantsi ya turo, sabis ya riƙe.

"Gimbiya, albishir. Tun daren jiya nake Aujara a gaban Hajiya, gwiwata har ta yi kanta. Ta sauko. Ta ce ki taho da yaronki, Allah Ya ba mu ladan riƙo. Na ce wa magini ya ƙara ɗaki ɗaya ta ɓangaren da ba hayaniya. Ki ce wa Baffa an yarda. Ki amsa mini ko da kalma ɗaya ce."

Na karanta na sake karantawa. Abin da na yi ta roƙo a sujada ke nan, ga shi a tafin hannuna. In na sauka da saƙon nan na nuna, na san Adda ba za ta ja da ni ba. Za ta tuna ni na yi rainon, ta ja mayafinta ta rufe fuska ta ce in tafi da shi. Kuma wallahi ina so. Ban san yadda ake barci ba tare da numfashin yaron nan a gefena ba, ban san yadda gari zai waye mini ba tallan mai nono daga bayan ɗaki ba.

Daga kan dutsen ana hango tsakar gidanmu. Na leƙa. Adda ta ɗebo ruwa a buta, ta zauna dirshan a ƙasa tana wanke masa ƙafa, yatsa bayan yatsa, bakinta yana ta motsi. Baffa yana sallah taku kaɗan daga inda suke, ba ta ko rage murya ba.

Na goge fuskar wayar da gefen hijabina, don hawaye ya hana ni ganin haruffa. Na rubuta na goge, na rubuta na goge. Daga ƙarshe na tura masa:

"Ka yi wa Hajiya godiya, kai ma Allah Ya saka maka. A bar ginin ɗakin. Musaddiq yana da uwa."